Wasannin dabarun yaƙi: tarihi suke koyarwa ko ra'ayin wanda ya tsara su?

Malam Habibu:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da nake so mu baje ta a faifai, musamman da ku matasan da kuke buga wasannin dabarun yaƙi a kwamfuta. Ni malamin tarihi ne, kuma ba zan ɓoye ba, ɗaliban da suke buga irin su Civilization da Age of Empires da Hearts of Iron sun fi sauran sanin taswira nesa ba kusa ba. Ka tambaye su inda mashigin ruwan Jibraltar yake, ko abin da ya sa dauloli suka yi ta rububin Masar, kafin ka rufe baki sun ba ka amsa. Amma in aka zo kan yadda suke fahimtar tarihin kansa, hankalina ba ya kwanciya. A wurinsu tarihi tsere ne. Duk al'ummomi suna kan hanya ɗaya, wani na gaba wani na baya, wanda ya fi mamaye ƙasa shi ya ci. Sarki ya ba da umarni, kowa ya bi. Talaka kuwa lamba ce a gefen allo. Shi ne nake tambaya: tarihi waɗannan wasanni suke koyarwa, ko ra'ayin wanda ya zauna ya tsara dokokinsu suke cusa wa yaro bai ankara ba?

Nura:
Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara basira. Ni dai ina bayan wasannin, kuma ina da hujja. Sunan Sundiata da na Tariƙ bin Ziyad a cikin Age of Empires II na fara bin labarinsu daki-daki, a ƙarin da suka fitar a 2015 mai suna The African Kingdoms. Daga nan ne na je na nemi littafi don in ga abin da ya faru da gaske. A 2021 kuma suka saka Hausawa da Habashawa a Age of Empires III. Akwai mahayin doki mai lifidi, akwai maharbin Fulani, kuma in ka taɓa mayaƙinka da Hausa yake amsa maka. A Crusader Kings III za ka iya farawa a shekarar 867 da Daurama ta Daura, har ma tana cikin waɗanda wasan yake ba ka shawarar ka gwada. Civilization VII da ya fito a 2025 ya saka Sarauniya Amina cikin shugabanni. Malam, mutanen da ba su taɓa jin waɗannan sunaye ba a Koriya da Barazil yanzu suna muhawara a kansu. Wane littafin makaranta ne ya kai sunayen nan can?

Zainab:
Nura, sunan ya je, na yarda. Amma me ya tafi tare da shi? A wasan da ka ambata na 2025, kana iya ɗaukar Amina ka ba ta mulkin Rumawa, domin sun raba shugaba da al'ummarsa. To me mai wasa ya koya game da Zazzau a nan? Tambayar Malam ba a kan sunaye take ba, a kan dokoki take. Duba bishiyar ilimi da ke cikin Civilization tun fitowarsa ta farko a 1991. Ka gano tukwane, ka gano rubutu, ka gano ƙarfe, ka gano albarushi, ka ƙare da harba kumbo. Kowace al'umma wannan matakalar za ta hau, kuma matakalar an zana ta ne bisa hanyar da Turai da Amurka suka bi. Duk wanda bai bi ta ba, a idon wasan ya makara ne kawai. Mutanen da ba su da birni da tuta kuma, sunansu baubayi, aikinka ka share su ka zauna a ƙasarsu.

Europa Universalis IV ya fi fito da abin fili. Yana farawa a 1444, yana da Kano da Katsina da Zazzau da Songhai a taswira, madalla. Amma har zuwa 2016 dokar wasan ita ce, in ba Bature ba ne kai, ilimi ya fi maka tsada, sai ka yi abin da suke kira rikiɗewa irin ta Yamma kafin ka kamo su. Daga baya suka sauya tsarin, amma yawancin sababbin abubuwan ci gaban a Turai suke ɓulla su bazu. Kuma a wannan wasan bayi haja ce, a jere ɗaya da hatsi da gishiri da hauren giwa. Yaro ya shafe watanni yana kallon wannan, kana ganin ba abin da zai zauna masa a kai?

Kabiru:
Yaya Zainab ta faɗi gaskiya, amma bari in shigo ta ɓangaren masu rubuta manhaja, tunda shi ne aikina. Kwamfuta ba ta san "jarumtaka" ko "zalunci" ba, lamba ta sani. Duk abin da kake so ya yi aiki a wasa sai ka mayar da shi lamba da doka. Saboda haka kowane wasan tarihi yana ɗauke da iƙirari: wanda ya tsara shi yana cewa ga abin da ke sa ƙasa ta yi ƙarfi, ga abin da ke rusa ta. Marubucin littafi ma haka yake yi, bambancin shi ne a littafi kana karanta iƙirarin ka yarda ko ka ƙi, a wasa kuwa sai ka yi aiki da shi kafin ka ci nasara.

To amma wannan ƙarfin nasa ne kuma, ba rauni kaɗai ba. Ɗauki harin da Jamus ta kai wa Tarayyar Sobiyet a 22 ga Yunin 1941. Littafi zai ce maka matsalar isar da kayan yaƙi ta taimaka wajen karya su, ka karanta ka wuce. A Hearts of Iron IV, tun da suka gyara tsarin a 2021 suka saka layin dogo da rumbunan kaya, za ka tura tankokinka su yi nisa, sai kawai ka ga sun tsaya cak, babu mai, ƙarfinsu yana zubewa ba tare da an harba musu ko harsashi ɗaya ba. Nan ne za ka je ka karanta ka gano cewa faɗin layin dogon Rasha a lokacin milimita 1,524 ne, na Jamus kuma 1,435, dole sai an sake shimfiɗa shi kafin jirginsu ya bi. Ka gano rundunar da ake zuzutawa da injina ta shiga Rasha da dawakai sama da dubu 600. Wasan Unity of Command ma gaba ɗayansa a kan wannan aka gina shi: yanke wa abokin gaba hanyar guzuri ka ga yadda zai narke. Irin wannan darasin, wanda ya sha kaye a kansa ba ya mantawa.

Baba Audu:
Salamu alaikum. 'Ya'yana, na bi maganganunku tun daga farko. Ni tsohon soja ne, kuma ina so ku san wannan abin da kuke yi a kwamfuta a bariki aka haife shi. A 1812 wani mutumin Furushiya, tsohuwar masarautar Jamusawa, mai suna Reisswitz ya kai wa sarkinsu teburin wasan yaƙi. Ɗansa, wanda hafsa ne a rundunar igwa, ya gyara shi ya fitar da dokokinsa a 1824, aka koma yin sa a kan taswirar gaske, da 'yan katakai ja da shuɗi a matsayin runduna. Babban hafsan hafsoshinsu, Müffling, da ya gani sai ya ba da shawarar a yaɗa shi a rundunar baki ɗaya. Bayan Furushiya ta doke Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, sauran ƙasashe suka ruga suna kwaikwayo.

Ga abin da nake so ku riƙe. A wancan wasan akwai alƙali. Kwamandan ja ba ya ganin taswirar kwamandan shuɗi. Kana rubuta odarka a takarda ka miƙa wa alƙali, shi zai lissafa tsawon lokacin da ɗan saƙo zai ɗauka a kan doki kafin ya isa, shi zai jefa ɗan lido ya ga yadda arangama ta kaya, sannan ya faɗa maka iya abin da idon mutanenka zai iya gani. Wato an gina wasan ne don a koya wa hafsa yanke shawara cikin duhu. Ku kuwa a yawancin wasanninku kuna shawagi a sama kamar shaho, kuna ganin kowane soja, kuna danna linzami ya juya nan take. Ɗana Kabiru, batun guzuri ka faɗi daidai, na ji daɗinsa. Amma abin da ya fi guzuri wahala a fagen daga shi ne rashin sani.

Nura:
Baba, Allah ya ƙara girma. Amma ai akwai hazon yaƙi a kusan dukkansu. Ba ka ganin abokin gaba sai ka tura 'yan leƙen asiri. A Age of Empires taswirar baƙa ƙirin take farawa.

Baba Audu:
Hazon naku abokin gaba yake ɓoye muku, ɗana. Naku mutanen fa? Ka san inda kowannensu yake, ka san harsashi nawa ya rage masa, ka san ko ya tsorata, har da ma'auni a saman kansa. Kwamanda na gaske sau da yawa bai san inda kamfaninsa na hagu yake ba. Ya kira a oba-oba ba a ɗauka ba. Ya aika oda ta isa a makare, ko ta isa an fahimce ta a karkace, ko wanda aka aika wa ya ga abin da ke gabansa ya yanke nasa hukuncin. Rahoton da zai zo masa, wanda ya rubuto shi a firgice yake, ya ga motoci uku ya ce goma. Kuma babu komawa baya a sake. Ku in kun sha kashi sai ku loda wasan da kuka ajiye.

Kabiru:
Baba, akwai waɗanda suka gwada abin da kake faɗa. Radio Commander, wanda ya fito a 2019, a tanti yake zaunar da kai lokacin yaƙin Biyetnam. Ba ka ganin fagen daga ko kaɗan. Rediyo ne a gabanka da taswirar takarda, mutanenka suna faɗa maka inda suke, kai kake ɗora alama da hannunka, in ka ɗora ba daidai ba igwarka a kan naka za ta sauka. Crusader Kings III ma ta ɓangaren mulki ya taɓo wannan, domin hakimanka suna da son ransu, suna ƙulla maka tuggu, in ka mutu 'ya'yanka su raba ƙasar.

Matsalar ita ce kasuwa. Da Victoria 3 ya fito a 2022, kamfanin Paradox ya cire wa mai wasa ikon jan kowace runduna da hannu, ya ce ka naɗa janar ka tura shi bakin daga, kai ka kula da masana'antu da haraji da farashin kaya. 'Yan wasa da yawa suka yi ta ƙorafi. Mutum ya dawo daga aiki a gajiye, abin da yake nema shi ne wurin da maganarsa take aiki. Wasan da zai hana shi gani, ya hana shi iko, kaɗan ne za su saya.

Baba Audu:
To ka ga inda gizo ke saƙar. Bari in ba ku misali biyu daga yaƙin duniya na biyu, don ku ga wasa yana iya ceton rai, yana kuma iya yaudarar mai shi.

A 1942 jiragen Jamus masu nutso suna ta nutsar da jiragen dakon kaya a Tekun Atlantika. Rundunar ruwan Birtaniya ta buɗe wani sashe a Libaful ƙarƙashin wani hafsa mai suna Gilbert Roberts, yawancin ma'aikatansa 'yan mata ne na rundunar ruwa. A daɓen ɗaki suke zana teku da alli. Kyaftin ɗin jirgin da ya zo horo ana tsayar da shi bayan labulen tamfol, ta wata 'yar kafa yake leƙe, don kada ya ga fiye da abin da zai gani daga jirginsa. Da wannan wasan suka gano cewa masu nutson suna kutsowa tsakiyar ayari da dare su yi harbi daga ciki, suka ƙirƙiro dabarun tarko. Kafin yaƙin ya ƙare hafsoshi wajen 5,000 sun bi ta ɗakin nan.

Na biyu, a watan Mayun wannan shekarar dai, manyan hafsoshin ruwan Japan sun buga wasan harin da za su kai tsibirin Midway na Amurka a cikin jirgin Yamato. An ruwaito cewa da lissafi ya nuna bama-bamai tara sun sami jiragensu masu dakon jiragen sama, Admiral Ugaki da ke shugabantar zaman ya mayar da su uku. A watan Yuni suka je suka rasa manyan jirage huɗu. Masana suna da saɓani kan ko hukuncin nasa a wannan gaɓar kuskure ne, amma abin da ba a musu a kai shi ne an shiga wasan da niyyar tabbatar da shirin da aka riga aka yanke. Malam Habibu, amsar tambayarka tana nan kusa. Wasan yana koyar da abin da mai riƙe da dokokinsa ya yarda a gani.

Hajiya Rabi:
Sannunku da ƙoƙari. Tun ɗazu ina karantawa, maganar janar-janar da layin dogo ake ta yi. Ni uwa ce, yarana suna buga waɗannan abubuwa, kuma na zauna na kalla. Ina mutanen garin suke? An yi wa birni ruwan bama-bamai, launinsa ya sauya a taswira, an wuce. Yarona ya nuna mini Hearts of Iron IV, yana jan Jamus daga 1936. Na tambaye shi ina kisan ƙare dangin da aka yi wa Yahudawa miliyan 6, ina yunwar da aka jefa mutanen Leningrad a ciki kusan kwana 900? Ya ce babu su a wasan. To in an cire wannan daga yaƙin Hitila, me ya rage? Tankoki masu kyau da tuta. Wannan ya fi damuna a kan duk wata bishiyar ilimi.

Kuma kada mu manta wasu an yi su ne da manufa. America's Army rundunar sojan Amurka ce da kanta ta fitar da shi a 4 ga Yulin 2002, kyauta, don ta jawo matasa su shiga soja. Shekara 20 yana aiki kafin su rufe shi a 2022. Ba su ɓoye dalilin ba.

Zainab:
Hajiya, kin taɓo wuri mai wuya. Na yi ta tunani a kansa, kuma ban ga mafita mai sauƙi ba. In suka saka kisan a matsayin abin da mai wasa zai danna, da ribarsa da asararsa a lissafe, sun mayar da shi dabara, kuma akwai ɓata-garin da za su yi murna da hakan. In suka cire shi, sun wanke azzalumi. Paradox, masu Hearts of Iron, sun zaɓi cirewa. Ni a ganina ko da ba za su ba ka maɓalli ba, ya kamata wasan ya riƙa tsayar da kai yana sanar da kai abin da gwamnatin da kake ja take aikatawa a bayan bakin daga. Shirun nan shi ma magana ce.

Nura:
Mama, gaskiyarki ce, amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Ki sa su gwada This War of Mine. Wani kamfanin ƙasar Folan ne ya yi shi a 2014, sun ɗauko shi daga ƙawanyar da aka yi wa Sarayebo daga 1992 zuwa 1996. Ba soja kake ja ba, fararen hula ne a rusasshen gida. Da rana maharba sun hana fita, da dare mutum ɗaya zai fita neman abinci da magani. Akwai gidan wasu tsofaffi biyu da ba za su iya kare kansu ba, kana iya kwashe musu komai, kuma in ka yi, mutanenka suna shiga baƙin ciki har wani ya kasa tashi daga kwance. Wallahi bayan na buga shi na daɗe ban koma kan wasan mamaye ƙasashe ba. Gwamnatin Folan ma ta saka shi cikin jerin abubuwan da aka ba manyan ɗaliban sakandare zaɓin nazarta.

Kabiru:
Ƙari a kan na Nura: masu Arma 3 sun yi aiki da ƙungiyar Red Cross ta duniya suka fitar da wani ƙari a 2017 mai suna Laws of War. A ciki kai ma'aikacin agaji ne mai tono nakiyoyi bayan yaƙi ya wuce, kana bin sawun yadda wani ya mutu. Kamfanin, Bohemia Interactive na ƙasar Cek, daga wasansu na 2001 ne aka samo manhajar VBS da rundunoni da dama suke horar da sojoji da ita.

Sadiƙu:
Tunda an ambaci Arma, a yi mini afuwa in ɗan kauce. Jama'a a riƙa lura da bidiyon yaƙi da ake turowa. A 2011 tashar ITV ta Birtaniya ta saka hoton Arma 2 a wani shirinta a matsayin ainihin harbo jirgi mai saukar ungulu, sai da ta nemi afuwa. Tun da aka fara yaƙin Yukiren kuma ake ta yaɗa na Arma 3, har kamfanin ya fitar da sanarwa a 2022 yana koya wa mutane yadda za su gane na bogi. Yawanci da dare ake nuna su, hoton dishi-dishi, kamara na rawa, ba ka ganin mutane sosai. An sha turo irinsu a zaurukan da nake ciki ana ta salati.

Hajiya Rabi:
Na gode Nura, zan nema musu shi, amma sai na fara gani da idona tukuna. Abin da na lura dai, irin wannan sau ɗaya ake bugawa a ajiye. Wancan na mamaye duniya shi ake kwana a kai.

Malam Habibu:
Alhamdu lillahi, na ƙaru fiye da yadda na zata. Bari in kawo misalin wasan da tun asali don aji aka yi shi, domin shi ma bai tsira daga abin da Zainab take faɗa ba. The Oregon Trail wasu ɗaliban koyon malanta uku ne suka rubuta shi a Minesota a 1971, lokacin ko allo babu, a takarda na'urar take buga amsa. Yaro yana jagorantar iyali a keken shanu, tafiyar mil wajen 2,000 zuwa yammacin Amurka. Zai sayi guzuri, ya yanke shawarar yadda zai haye kogi, ya ga atuni yana kashe masa mutane. Ya koya wa yaran Amurka wahalar tafiyar nan fiye da kowane babi na littafi. Amma shekara da shekaru, mutanen da aka ratsa ƙasarsu aka ƙwace, wato 'yan asalin nahiyar, a gefen hanya kawai suke fitowa. Sai a fitowar 2021 masu shi suka nemi masana tarihi daga cikin 'yan asalin suka gyara.

Inda na tsaya yanzu shi ne, wasan shi kaɗai ba zan kira shi malami ba, amma abin tattaunawa ne mai kyau ƙwarai in akwai wanda zai yi wa yaro tambaya. Misali in ce wa ɗalibi: a 1591 a Tondibi, 'yan dubban mayaƙan Maroko ƙarƙashin Judar Pasha, da bindigogi, sun karya rundunar sarkin Songhai Askiya Ishaƙ na biyu da ta ninka su yawa. Je ka buga Songhai a wasanka, ka dawo ka faɗa mini abin da wasan ya ce shi ne dalili. Zai ce bindiga, domin ita wasan ya ba lamba mafi girma. Sai in tambaye shi, yaƙin basasar da 'ya'yan gidan Askiya suka yi kan gadon sarauta 'yan shekaru kafin nan fa? Rikicin gishirin Taghaza fa? Kuma me ya sa Marokon da ta ci yaƙin ta kasa riƙe ƙasar yadda take so? A nan karatun yake farawa.

Zainab:
Malam, wannan a ajinka ne, kuma Allah ya ba ɗalibanka sa'a da suka same ka. Amma cikin masu buga wasannin nan, nawa ne suke da wanda zai yi musu tambaya ta biyu? Mafi yawa su kaɗai ne da allo da tsakar dare. Shi ya sa ni ba zan sauke wa kamfanonin nauyi ba. Tunda suna tallata kayansu da sunan tarihi, a riƙa bin su bashin abin da suka cire. Kuma matsin yana aiki, ai shi ya sa aka gyara wancan na Oregon, shi ya sa aka soke dokar rikiɗewa irin ta Yamma.

Nura:
Yaya Zainab, su kaɗai ne da allo, amma ba su kaɗai ba ne bayan sun kashe shi. Rome: Total War na 2004 ya nuna sojojin Masar da shigar zamanin Fir'aunoni, alhali a lokacin da wasan yake magana gidan Batlamiyus ne ke mulki, Girkawa 'yan Makidoniya, da salon yaƙinsu na dogayen masu. 'Yan wasa ne da kansu suka ƙi yarda, suka haɗu suka yi masa kwaskwarima mai suna Europa Barbarorum don su gyara irin waɗannan kurakurai. Ba malami ne ya sa su ba. Wasan ne ya sa musu son abin har suka fi shi sani.

Baba Audu:
Ku duka biyun kuna da gaskiya, kuma ba yau za ku gama ba. Ni ga tayin da zan yi. Gani ya kori ji. Mu buga irin na Reisswitz a nan zauren, ba sai da wata babbar kwamfuta ba. Malam ya kawo mana Tondibi, to mu ɗauke ta. Za a buɗe ƙananan zauruka biyu, ɗaya na Songhai ɗaya na Maroko, kowanne da kwamanda da mataimaka biyu. Ni ne alƙali, taswirar gaskiya tana hannuna ni kaɗai. Kwamanda ba zai yi magana da mataimakansa kai tsaye ba da zarar an fara, ni zai turo wa oda a rubuce, ni zan isar a lokacin da na lissafa ɗan saƙo zai kai, wata ma ba za ta kai ba. Malam Habibu zai rubuta wa kowane ɓangare halin da yake ciki: ruwa, abinci, da waɗanda ba su gamsu da shugabansu ba. Hajiya, ke kuma ina roƙon ki riƙe mutanen Gao, babban birnin Songhai, duk abin da runduna ta yi ki faɗa mana abin da ya same su, a saka shi cikin sakamako.

Hajiya Rabi:
Na karɓa, Baba. Amma da sharaɗin rahotona za a karanta wa kowa kafin a faɗi wanda ya ci.

Kabiru:
Zan zana taswirar in turo wa Baba, da jadawalin tafiyar doki da ta ƙafa. Malam, ina buƙatar ka duba mini inda kogin Neja ya bi ta wajen kafin in kammala.

Malam Habibu:
Turo, zan duba daren nan. Zainab, ke za ki ja Maroko ko Songhai?

Zainab:
Maroko, Malam. Ina so in ga yadda mutum zai yi da rundunar da ta ƙetare Sahara ta rasa mutane da yawa a hanya, babu kuma mai kawo mata ɗauki.

Nura:
To ni Askiya ne. Baba, tambaya ɗaya kafin a fara: an yarda in ƙi yin gaba da gaba, in janye in bar su da yunwa a bakin kogi?

Baba Audu:
An yarda, ɗana. Rubuto odar. Sai dai ka tuna hakimanka suna da nasu ra'ayin a kan sarkin da ya bar babban birninsa ba tare da ya yi faɗa ba, kuma Malam ne zai rubuta su.